Katun ɗinmu yana ƙarewa, na 'ya'yanmu ba ya ƙarewa

Mai karatu, idan ka tashi a Jos a shekarun 1980 zuwa farkon 1990, ba sai na yi maka bayanin ƙarfe huɗu na yamma ba. Lokacin ne ake buɗe tashar talabijin, a sa taken ƙasa, sannan a shiga shirin yara. Kafin lokacin babu komai a akwatin sai yayyafi da shuuu.

Garin nan yana da tarihi a wannan fanni. Gidan talabijin na Binuwai-Filato da ke Jos ne ya fara watsa hoto mai kala a Najeriya a 1975, kafin a kafa NTA a 1977. Amma mu a layinmu na Farin Gada, baƙi-da-fari muka fi sani, shi ma a gida ɗaya. Yara kusan ashirin kan tabarma biyu, wanda ya makara sai leƙe ta taga, ga sanyin Jos yana kaɗa shi.

Gwarzonmu shi ne Voltron, wanda ya fito a 1984: zakuna biyar na ƙarfe, kowane da matuƙinsa, idan faɗa ya yi tsanani sai su haɗe su zama ƙaton mutum-mutumi ɗaya. Ko ba ka jin Turanci ka fahimci darasin, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga kuma Tom da Jerry, kyanwa da ɓeran da suke tsere tun 1940.

Ba na musun cewa ina kewar waɗannan abubuwa. A durowata akwai ƙaramin gem ɗin nan na jera bulo mai cin batir biyu, da baƙin zakin Voltron na roba da na tsinta a wurin masu gwanjo, ƙafa ɗaya a karye. Ina da abokai, magidanta masu furfura, da ke sayo irin waɗannan kaya ta intanet da tsada suna jerawa a falo. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To me muka rasa a bana?

Gwada ka buɗe wa ɗanka Voltron a YouTube. Da wuya ya yi minti biyar bai nemi a canza ba. A nan za ka gane cewa ba zanen ne ya yi mana daɗi ba, yanayin da muka kalle shi ne.

Na farko, yana ƙarewa. Bayan rabin awa an gama, ko a ɗauke wuta ana tsakiyar faɗa, dole ka tashi. Na biyu, tare muke kallo. Wanda ya fi jin Turanci ya fassara, a yi gardama, a yi dariya, uwar gida tana jin komai daga madafa. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, kallon yana tura mu aiki. Muna fita sai neman langa-langa da gwangwanin madara da tsohon silifa na yin tayoyi. Karyayyen kwandon tumatir daga kasuwar kayan gwari ya zama jirgin sararin samaniya. Abin da ido ya gani, hannu ke ƙerawa.

Yau fa? A 2016, daga Jos ɗin nan aka ƙaddamar da sauya talabijin zuwa tsarin dijital a Najeriya. Akwai tashoshin katun da ba sa rufewa dare da rana, ga wayar hannu da ke jero bidiyo bayan bidiyo ba tare da an taɓa ta ba. Yaro shi kaɗai a lungu, wuya a sunkuye, ba fassara, ba gardama, ba tashi.

Wannan ya wuce maganar kewa, ya shafi lafiya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana, in an rage ma ya fi. Dalili a fili yake. Jariri yana koyon magana ne daga fuskar da ke amsa masa, waya kuwa ba ta amsawa. Haske da hayaniyar kallon dare suna jinkirta barci, yaron da bai ƙoshi da barci ba kuwa ya tashi da rigima, ya je aji yana gyangyaɗi. Likitocin ido ma suna nanata cewa wasa a waje cikin hasken rana yana rage haɗarin matsalar rashin hangen nesa.

Ba cewa nake a hana katun ba, mu da muka sha shi ba mu da bakin faɗar haka. Cewa nake ka mayar da abin da tashar da take yi mana kyauta. Ka sa lokacin buɗewa da na rufewa. Ka kashe tsarin nan da ke kunna bidiyo na gaba da kansa. A yi kallo a talabijin na falo maimakon waya, ka zauna ko na minti goma, ka tambaye shi da Hausa: wane ne mai gaskiya a nan, kai da me za ka yi? Ka nemo masa irin Bino and Fino na Adamu Waziri, inda zai ga yara masu kama da shi. Awa guda kafin barci a ajiye komai, har da wayarka, domin da kai yake koyi.

Idan an kashe, zai yi kuka, zai ce ba shi da abin yi. Kada ka tsorata, daga nan ƙirƙira take farawa. Miƙa masa kwali da zare da marafan kwalba, ka nuna masa yadda ake huda taya. In kana da tsohon zaki a durowa, fito da shi ka ba shi, ko da zai ƙarasa karya shi. Kayan wasa ba don ajiya aka yi su ba, yarinta kuma ba ta jiran sai ka samu lokaci.