Daga Shika Zuwa Dawakin Kudu

Da sanyin asuba na baro asibitin Shika, bayan na damƙa wa abokin aikina ɗakin jinyar yara. Hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe titin Kano, sai da muka wuce Tashar Yari rana ta leƙo. Taron tsofaffin ɗalibai zan je a Dawakin Kudu, makarantar kimiyyar da gwamnatin Kano ta buɗe a 1977 tare da ta Dawakin Tofa, don jihar ta samu likitoci da injiniyoyi 'yan gida.

Gaba da Kwanar Dangora ƙasa ta sauya kama. Albarkacin ruwan Tiga, gonakin Kadawa sun yi kore shar da rani, a Kwanar Gafan kuwa ana ta lodin kwandunan tumatir zuwa Kudu. Nan direba ya tsaya. Wata mai tallar gyaɗa na zaune da jariri a cinya, yana ta nishi.

"Baiwar Allah, tun yaushe yake haka?"

"Tun shekaranjiya, Alhaji. Mura ce."

Na roƙe ta ta ɗaga rigarsa, na dubi agogo. Jaririn da ya wuce wata biyu bai cika shekara ba, in numfashinsa ya kai 50 a minti, limoniya ake zargi. Wannan ya zarce haka, ƙasan haƙarƙarinsa ma yana loɓawa. Na ce ta ba maƙwabciyarta ajiyar faranti, ta kai shi asibiti kafin azahar.

Muna karya kwana a Kwanar Dawaki, zuciyata ta riga motar isa. Ga darbejiyoyin da muke haddace sunayen ƙasusuwa a inuwarsu, ga ɗakin cin abinci inda ake rububin garau-garau, ga ɗakin kwananmu inda ake jiƙa gari da ƙuli bayan an tashi daga firef. Abokai da furfura sai kiran juna suke da sunayen tsokana, farfesa da injiniya duk an koma yara.

A ƙofar ɗakin gwaje-gwaje na tarar da malaminmu na Bayoloji, yana dogara sanda. Na durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam."

"Likita bokan Turai! Har yanzu kana zana abin da ba ka gani ba?"

Aka fashe da dariya. Duk wanda ya ratsa ajinsa ya san dokar: in an feɗe kwaɗo, abin da ke gabanka za ka zana, ba na cikin littafi ba. Wanda ya kwafo hoto, komai kyansa, sifili ne ladansa.

A jami'a na koyi magunguna, amma dubawa a wannan ɗaki na koye ta, ita ce kuma jarin likitan yara. Babba zai ce maka ga inda ke masa ciwo. Jariri kuka kawai ya iya. Kai za ka lura maɗigarsa ta faɗa, ka ja fatar cikinsa ka ga ko gudawa ta ƙarar masa da ruwa, ka duba tafin hannu ko jini ya yi ƙasa, ka zagaya damtse da ma'auni: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Sannan ka saurari uwa, don ita ta kwana da shi.

Bayan la'asar aka haɗa mu da 'yan ajin ƙarshe. Wani ya tambaya ko wane littafi zai fara saya in yana son aikina. Na ce in ya je hutu ya karɓi ƙaninsa daga hannun innarsu, ya ƙirga numfashinsa yana barci da kuma bayan ya sha guje-guje, ya rubuta. Wanda ya san lafiyayyen yaro, ba zai sha wuyar gane marar lafiya ba.