Gashin Talotalo a Bakin Ƙugiya

Da hunturu ya kankama a jihar Minnesota ta Amurka, tafkuna suka daskare, sai maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya, ya kira ni ɗakin aikinsa. Na tarar ya maƙale 'yar ƙugiya a ƙarfe mai matsewa, da ɗan dunƙulen dalma a kanta wanda bai kai giram 2 ba. Ya tsinko gashin talotalo mai laushi kamar auduga, ya ɗora, ya naɗe da zare, ya ɗiga gam. Da ya tsoma ta a kwanon ruwa, sai gashin ya riƙa buɗewa yana tsukewa, kai ka ce ɗan kifi ne ke numfashi.

Wannan gashi suna kiransa marabu, sunan tsuntsun nan namu na Afirka, babba-da-jaka, domin nasa aka fara amfani da shi. Yanzu na fararen talotalon gona ake rinawa.

Na tambaye shi: "Baba, ina tanar?" Ya yi dariya, ya ce kifinsu da ido yake farauta.

Maganar ta mayar da ni Yawuri. Masuncinmu ba ya yaudarar idon kifi, saboda da damina Kwara jawur take, tarwaɗa kuwa da hanci da gashin bakinta take neman abinci. Shi ya sa ake soka mata tana ko gutsuren sabulu. Mai mamari ma ba ya sa komai: yakan jera ɗaruruwan ƙugiyoyi a igiya, kifin da ya gifta ya maƙale.

Bukata ma ta bambanta. Dattijon nan sai ya sayi lasisi, doka kuma ta ƙayyade masa irin kifin da yake nema, kirafi, kada ya wuce 10 a rana. Sau da yawa yakan cire ƙugiya ya mayar da kifin ruwa. Basarken da iyalinsa ke jiran cefane ba shi da wannan sukuni, kuma ban ga laifinsa ba.

Amma da na ga yadda dattijon ke jan zare a hankali, sai na tuna kawuna a gindin giginya, ya saƙale birgi a babban yatsan ƙafa yana ɗinke inda ya yage. Kowannensu ya san ruwansa, ya kuma fi amincewa da abin da hannunsa ya ƙulla.