KWANA UKU A JOS DA KYAMARA MARAR MADUBI

Daga Wakilinmu

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. A cikin watan Disamba, da hunturu ya kankama, na ɗauki hutun kwana uku daga ɗakin labarai, na tashi daga Abuja na nufi Jos, domin in koyi aiki da wata kyamara ta hannu da na saya bayan na yi wata takwas ina zubin adashi. Sunanta Fujifilm X-T3, wadda aka fara fitarwa a 2018. Wanda ya hango ta zai rantse irin ta masu hoton dauri ce, don kuwa maɓallan murɗawa ne jere a kanta, kowanne da lambobinsa.

Bari in yi wa mai karatu bayanin wannan suna. Manyan kyamarorin da muka saba gani suna da madubi a ciki, wanda ke juya haske zuwa idon mai ɗauka, in an danna sai ya ɗage, hasken ya wuce ga fim. A 2008 kamfanin Panasonic ya fito da wadda aka cire wa madubin, haske yana faɗawa kai tsaye kan faifan da ke karɓarsa, mutum yana ganin yadda hoton zai fito tun bai danna ba. Daga baya wasu kamfanoni suka mayar da ita cikin tsohuwar riga, kamar Nikon Z fc ta 2021, wadda aka kwaikwayo daga FM2 ta 1982.

Darasina na farko a magangarar ruwa ta Assop na same shi, kafin a fara Hawan Kibo. Abu uku ne ke mulkin hoto: faɗin ƙofar da haske ke shiga, da saurin ƙiftawar kyamara, da kuma ISO, wato ƙarfin jin haske. Da na murɗa ƙiftawa zuwa 1000, sai ruwan ya tsaya cak, ɗigo-ɗigo. Da na dawo da ita 8, na tsuke ƙofa, na ɗora kyamarar bisa dutse don kada hannu ya girgiza ta, sai ga shi ya zama kamar saɓin auduga.

A Riyom kuwa, wurin duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an ɗora su da hannu, nan na yi wauta. Na tsaya bakin hanya cikin iska na sauya gilashin gaba. Ashe tun da babu madubi, babu abin da ya tsare faifan daga ƙurar hunturu. Da dare a masauki na duba, kowane hoto da ɗigon baƙi a sararin samansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce shi ke nan, kuɗin adashi sun bi ruwa.

Wanshekare na nemi wani dattijo mai shagon hoto kusa da titin Ahmadu Bello, wanda ya fara sana'ar tun zamanin wankin fim. Ya kifa kyamarar, ya hura mata iska da wata 'yar roba, ƙurar ta faɗi. Sa'an nan ya tambaye ni, “Ɗana, hoto nawa ka ɗauka jiya?” Na ce, “Baba, sun fi ɗari huɗu.” Ya yi dariya ya ce, “A zamaninmu fim ɗaya hoto 36 ne, kowanne kuɗi ne. Yau ka tsaya a 36, ka dawo ka ba ni labari.” Ya ƙara da cewa in riƙa sa batir na biyu a aljihun ciki, domin irin wannan kyamara ba ta raga wa batir, sanyin Jos kuma, garin da ke bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, yana ƙara zuƙe shi. In rana ta take, ya ce, in sa ƙofa a 16, ISO a 200, ƙiftawa a 250, daga nan in gyara.

Da wannan ƙa'ida na shiga harabar gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, mutumin da ya sanar da duniya gumakan yumɓu na Nok da aka tono wajen haƙar kuza. Kusa da shi akwai filin da aka gina kwatancin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Na zauna fiye da sa'a guda ina jiran rana ta karkata, inuwa ta fito da zanen bango. Hoto biyar kaɗai na ɗauka, amma sun fi ɗari huɗun jiya. Da la'asar na je Rayfield, inda ramukan kuza suka zama tafkuna, ruwa kwance lumui, kyakkyawa a hoto, alhali kuwa gonakin mutane ne aka ƙwaƙule aka bari.

Babban darasi sai a rana ta uku, a kasuwar kayan gwari ta Farin Gada. Na ɗaga kyamara ba sallama, sai wani magidanci ya tare ni, ya ce, “Malam, wa ya aiko ka?” Ban ga laifinsa ba. Garin da ya ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, dole mutanensa su tambayi baƙon da ke ɗaukar fuskokinsu. Na sauke ta, na ba da haƙuri, na gaishe su, na faɗi sunana da abin da ya kawo ni. Can wata dattijuwa mai dankalin Turawa ta ce, “Zo ka ɗauke ni, yarona, amma ka kawo mini nawa.” Na ce, “To, Mama.” Kafin in bar gari na sa aka wanke, na kai mata.

Daga nan na biya ta Taminus. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da rumfar yadi a babbar kasuwar nan kafin gobarar Fabrairun 2002 ta cinye ta. Shekara da shekaru yana zaune a rumfar, amma gidanmu ba mu da hotonsa ko ɗaya a cikinta, domin a lokacin ba wanda ya zaci za a wayi gari babu ita. Na daɗe tsaye a wurin kafin in danna.

Saboda haka, wanda Allah ya hore wa irin wannan kyamara, ya koyi maɓallan nan uku, ya tsare ta daga ƙura, ya yi sallama kafin ya ɗaga ta, sa'an nan ya fara da iyayensa da maƙwabtansa a bakin sana'arsu tun suna nan. Allah ya zaunar da Jihar Filato lafiya, amin.