Garin da ke cikin kunzugun jarirai, da kokawar da ake yi a kansa

A aikin jarida na saba bibiyar kamfanonin da sunayensu ke kan allunan talla. Amma da daɗewa na lura cewa sau da yawa ƙarfin kasuwa yana hannun waɗanda mai saye bai taɓa jin sunansu ba. Kunzugun zamani, wanda iyaye mata suka fi sani da famfas, shi ne misalin da ya fi tsaya mini a rai. A cikinsa akwai wani farin gari mai kama da sukari, wanda ke tsotse ruwan da ya ninka nauyinsa sau ɗaruruwa, ko sau gommai idan fitsari ne, sannan ya riƙe shi ko da jariri ya zauna a kai. Daga asid ɗin akirilik ake yin sa, shi kuma asid ɗin daga furofilin, wanda ake samu wajen sarrafa man fetur.

Kamfanin Sanyo Chemical na Japan ne ya fara sayar da irin wannan gari a shekarar 1978. A 2024 kuwa ya sanar da cewa zai bar sana'ar. A shekarar ce kuma Evonik na Jamus, ɗaya daga cikin manyan masu yin sa, ya sayar da sashensa ga rukunin ICIG. Me zai sa wanda ya share gona ya bar ta alhali duniya ba ta daina haihuwa ba?

A ganina, mai yin garin yana tsakanin duwatsun niƙa biyu. Ta sama, farashin furofilin yana bin na man fetur, ba shi da iko a kai. Ta ƙasa, masu sayensa 'yan ƙalilan ne kuma ƙattai: Procter & Gamble, Kimberly-Clark, Unicharm da ire-irensu. Mai sayen dubban tan a lokaci guda shi ke yanke farashi. Da kamfanonin Sin irin su Satellite Chemical suka kafa manyan masana'antu, kaya ya fi buƙata yawa, riba ta ƙanƙance. Sannan haihuwa ta ragu a manyan kasuwannin: a Sin an haifi jarirai kusan miliyan 18 a 2016, amma a 2023 kimanin miliyan 9 kacal.

Dabarun tsira ba su da yawa. Ta farko ita ce mallakar tushe. BASF da Nippon Shokubai da LG Chem suna yin asid ɗinsu da kansu, don haka ribar da ta kuɓuce musu a gari suna iya tsintar ta a asid. Ta biyu ita ce haɗewa: Nippon Shokubai da Sanyo sun sanar da shirin zama kamfani ɗaya a 2019, amma suka fasa a 2020, kuma bayan shekara huɗu ƙaramin cikinsu ya yanke shawarar ficewa. Ta uku ita ce bin tsofaffi. A Japan cinikin kunzugun manya ya zarce na jarirai tun fiye da shekara goma, har kamfanin Oji ya daina yin na jarirai don kasuwar gida a 2024.

Tattaruwar sana'a a hannu kaɗan tana da haɗarinta. A watan Satumba na 2012 tankin asid ya fashe a masana'antar Nippon Shokubai da ke Himeji, ma'aikacin kashe gobara ɗaya ya rasu, aka dakatar da aiki. Masana'antar ita kaɗai tana samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na garin duniya, sai fargabar ƙarancin kunzugu ta bazu har nahiyoyi masu nisa.

Abin da ya fi damuna shi ne matsayinmu. Najeriya na cikin ƙasashen da aka fi haihuwa a duniya, amma masu haɗa kunzugu a nan daga waje suke sayo garin, kuma da dala. Da naira ta faɗi, Procter & Gamble ya sanar a ƙarshen 2023 cewa zai koma shigo da kaya kawai, Kimberly-Clark kuma ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu a 2024. Uwa mai sayen kunzugu ɗai-ɗai a shagon unguwa ita ke biyan kuɗin wannan rauni.

Muna da furofilin a Eleme da matatar Dangote, sai dai roba ake yi da shi. Duk wanda ke sha'awar kafa masana'antar wannan gari a ƙasarmu, labarin Sanyo ya ishe shi darasi: idan asid ɗin ba nasa ba ne, wani ne zai yanke masa farashi ta sama, wani kuma ta ƙasa.