Tsohon ɗan teyatur da jikansa mai kamara

A wata unguwa ta Birnin Ƙonni akwai wani dattijo, tsohon malamin lakwal, wanda har yau Mushe ake ce masa ko da yake ya daɗe da ajiye alli. Ya koyar a Illela, ya koyar a Malbaza kusa da masana'antar siminti, kana ya ƙare aiki a garinsu. Sai dai tsararrakinsa ba da aji suke tuna shi ba. A zamanin samariya shi ne mai fitowa a wasan kwaikwayo da matashin kai cikin riga, yana taka rawar babban ma'aikaci mai tumbi wanda ba ya sa hannu a takarda sai an gaishe shi da zakara.

Wata ranar Juma'a jikansa ya shigo zaure da waya a hannu. Shi da abokansa sun shirya fim, wani Alhaji mai fataucin albasar Galmi ya biya kuɗin kamara da na mai. Labarin ɗiyar attajiri ne da ɗan talaka, a gidan bene na aro, da waƙa da rawa cikin lambu, kowa yana karya harshe yana Kananci. Mushe ya kalla har ƙarshe bai tanka ba, sa'an nan ya cire tabarau.

"Wane gari ne wannan, ɗan nan?"

"Ƙonni mana, Kaka. Ba ka ga hanyar Sakkwato ba?"

"Hanya na gan ta. Mutanen ne ban gane kowa ba."

Yaron ya ɗauka tsufa ne da kishi, ya ce a zamaninsu ai ko kamara ba su da ita. Gaskiya ya faɗa. A lokacin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, kowace unguwa da samariyarta, kuma tun 1976 da aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram, ƙungiya ba ta kai can sai ta ci gasar gundumarta, ta ci ta jaha. Kayan aikin su ne tabarma da bargo da fitila. Ba a rubuta magana a takarda. Akan zauna a daidaita ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan a yi ta maimaitawa dare bayan dare, kowa yana fito da magana daga bakinsa, wadda ta ba da dariya ko ta sosa rai a riƙe ta, wadda ta faɗi ƙasa a bar ta a nan. Kafin a hau dandali wasa ya sha tankaɗe kamar garin tuwo. Haka Yazi Dogo da ƙungiyarsa ta Damagaram suka yi har wasanninsu suka zama abin jira a Télé Sahel. Hukuma ce ke ba da jigo, haɗin kai ko yaƙi da cin hanci ko darajar noma, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma ƴan wasan sun san yadda za su saka tsokaci cikin raha, har wanda ake nufi ya yi tafi tare da jama'a.

Abin da Mushe ya so jikansa ya fahimta shi ne, kafin ya sa matashin kan nan cikin riga, ya yi makonni yana zama a bakin ofis yana kallon yadda manya ke fitowa daga mota, yadda suke amsa gaisuwa da hanci, yadda suke gyara zama in an ambaci kuɗi. Shi ya sa da ya fito fili kowa yakan ce wane ne. Jikan kuwa bai kalli ko mutum ɗaya a Ƙonni ba, wasu finafinan ya kalla.

Laifin ba na Kano ba ne. Tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, Kanawa sun gina sana'a da guminsu, kaset ɗinsu ya riƙa ƙetarowa ta Illelar Amarawa yana cika gidajen kallo na Ƙonni, kuma ƴan Nijar da dama sun ci abinci a cikinta. Su ma sun ari waƙa da rawa daga Indiya, aka yi ta yi musu gori a kai. Wanda ya zo ya ari abin da aka aro fa? Kayan aro ba ya rufe katara.

Rashin kayan aiki ma ba hujja ba ne a jahar Tawa. Moustapha Alassane, wanda ya zauna a birnin Tawa shekaru da yawa kafin rasuwarsa a 2015, da zanen hannu da hasken fitila ya fara nuna wa mutane hoto mai motsi. A 1966 ya yi Bon voyage Sim, inda kwaɗi suka zama shugabannin ƙasa masu ziyarar juna, ya kuma yi Le Retour d'un aventurier, labarin samarin ƙauye da suka sa hular kaboyi suka hau dawaki suna kwaikwayon finafinan Amurka har suka zame wa garinsu bala'i. Cutar kwaikwayo ke nan, ya gano ta tun wancan lokaci. A 1972 kuma Oumarou Ganda ya ɗauko babbar lambar bikin FESPACO na Wagadugu da Le Wazzou polygame, labarin Alhaji da ƙarin aure, abin da ke faruwa bayan kowace katanga.

"Kaka, to wane labari ne a Ƙonni?"

Mushe ya lissafa masa da yatsu. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa garin nan, ta ƙone shi, ta kashe mutane masu yawa, kuma har gobe akwai gidajen da ke riƙe da abin da kakanni suka faɗa. Da Med Hondo ya tashi yin fim ɗin Sarraounia a 1986, a Burkina Faso aka ɗauke shi. Ga sarautar Adar a Illela. Ga manomin albasa da ke cin bashi tun shuka, ranar ɗiba buhu ya faɗi. Ga leburan siminti. Ga ɗan kabu-kabu da jarkokin mai a bayan babur. Ga 2023, da aka rufe iyaka, dangi ɗaya suka rabu biyu, manyan motoci suka yi layi da kaya a ciki. Duk wannan, in ji shi, ba wanda zai zo daga wani gari ya faɗa musu da harshensu na yamma.

Yaron ya fita da fushi, ya yi kwana goma bai leƙo zauren ba. Sai ga shi an fara ganinsa a tashar albasa tun da sassafe, zaune kan buhu, ba ya ɗaukar hoto, yana sauraron yadda dillali ke rantsuwa da yadda manomi ke yin shiru in an karya masa farashi. Daga baya ya kawo abokansa wajen Mushe. Yanzu kowane dare bayan lisha ana shimfiɗa tabarma, ana maimaita fito na farko na labarin wani manomi da dillalinsa, an ajiye kamarar cikin jaka.

Saura Alhaji. Ya zo da kansa ya ce shi kuɗin fim ya bayar, ba na hira a zaure ba, kuma wata biyu ba tare da an ɗauki komi ba asara ce. Mushe ya tambaye shi ko yakan ɗebe albasa tun ba ta ƙosa ba don kawai mota na jira. Alhaji ya yi dariya, ya ce zai yi shawara, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Amma daren Laraba an gan shi tsaye bakin zauren, har ya gyara wa yaron da ke fitowa dillali yadda ake riƙe hannun mai saye in ana ciniki.