Robar Ruwan Mota: Yaushe Liƙi Ke Isa, Yaushe Sai Sauyi?

A garejojin Kwaciri, kamar sauran na ƙaramar hukumar Fagge har zuwa Sabon Gari, akwai wani gyara da ake ɗauka ƙaramin abu, alhali daga kansa injuna da yawa suka fara mutuwa. Gyaran robar ruwa ne, wato ɗan tankin nan da ke kusa da lagireto, wanda ake duba yawan ruwan mota a jikinsa. Idan ta tsage, abin da mai mota ya saba ji daga bakin bakanike shi ne: "Alhaji, ba matsala, a liƙe kawai." Wani lokaci gaskiya ya faɗa. Wani lokaci kuma wannan shawarar ce ke kai mutum ga sauke inji. Abin da ke raba biyun shi ne irin aikin da robar ke yi a cikin wannan motar, kuma mai mota na iya gane shi da idonsa.

Injin mota yana aiki ne a zafin da ya kai kusan digiri 90. Ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100, a Kano ma ƙasa da haka kaɗan, wajen 98, saboda tudun da garin yake a kai. Tazarar ta yi kaɗan ƙwarai. Don haka masu ƙera motoci suka rufe hanyoyin ruwan ruf, suka sa murfi mai riƙe matsi, galibi tsakanin bar 1 da 1.5. A ƙarƙashin irin wannan matsin, ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Dabarar tukunyar nan ce mai kulle murfi da ke dafa wake cikin ɗan lokaci. Sai dai ruwa yana ƙara yawa idan ya yi zafi, da kusan kashi 4 cikin 100, kuma dole ƙarin ya sami wurin zuwa. Robar ruwa ita ce wannan wurin.

Robar kuwa iri biyu ce. A tsofaffin Toyota Corolla da Honda Accord, murfin matsin yana kan lagireto, robar kuma tana karɓar rarar ruwa ne kawai, ta mayar da shi idan inji ya huce. Babu matsi a cikinta. A motocin Turai irin su Golf 3 da Peugeot 406 da Marsandi da yawa, murfin matsin a kan robar yake, don haka duk matsin da ke cikin tiyo da lagireto yana cikinta. Murfin shi ke nuna bambancin: idan mai nauyi ne, ana murza shi, da alamar gargaɗi a kansa da ɗan bawul a ƙarƙashinsa, robar mai matsi ce. Idan mara nauyi ne da ake ɓallewa da yatsa, ta rarar ruwa ce.

Tsagewar kanta ba abin mamaki ba ce. An fara ƙera Golf 3 a 1991, Golf 4 ta gaje ta a 1997. Peugeot 406 ta fito a 1995, aka daina yin ta a Faransa a 2004, ko da yake kamfanin PAN na Kaduna ya ci gaba da haɗa ta bayan nan. Robar da ta shekara 20 ko 30 tana zafi tana hucewa kullum, dole ta gaji: launinta ya koma ruwan ɗorawa, jikinta ya bushe ya yi gautsi. A haɗa wannan da ranar watan Afrilu mai kaiwa digiri 40, da cunkoson Bata ko Kantin Kwari inda iska ba ta bugun lagireto, sai a ga dalilin da robobi ke fashewa a bazara.

Mafi yawan waɗannan robobi da sinadarin polifuropilin ake yin su, kuma gam ba ya kama shi da kyau. Araldite ko Super Glue na iya tsayar da yoyo a gareji, inji na sanyi, amma zafi da matsi sukan ɓamɓare su. Narka robar da ƙarfe mai zafi, yadda ake gyaran bokiti, ya fi gam inganci, kuma a robar rarar ruwa yana iya daɗewa. A roba mai matsi wadda ta riga ta bushe kuwa, tsagar takan sake buɗewa a gefen liƙin. Irin wannan gyaran na kai mota gida ne ko kasuwa.

Haɗarin ya wuce zubar ruwa. Roba mai matsi idan ta tsage, matsin ne ke fara tafiya, sai ruwa ya fara tafasa a wuraren da suka fi zafi a cikin inji tun robar na nuna akwai ruwa. Tururi ba ya sanyaya ƙarfe. Kan inji, wanda a waɗannan motocin na alminiyam ne, sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Ga ma'aikaci, wannan na nufin albashi ya tafi gareji. Ga direban da ke haya da Golf tsakanin Kano da Katsina, kwanaki ne ba aiki, ga cefane na jira a gida.

Wanda ya zaɓi liƙi ba wauta ce ta sa shi ba. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sannan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira suka sa mota da kayan gyaranta suka yi tsada. Mutane suna riƙe tsofaffin motocinsu, suna lallaɓa su. Amma lallaɓawa ma da iliminta. A Ƙofar Ruwa da shagunan Sabon Gari ana samun sabuwar roba, ana samun tsohuwa da aka ciro daga wata motar. Tsohuwar takan fi sauƙin kuɗi, sai dai sau da yawa sa'ar wadda ta fashe ce a shekaru. Idan ita za a saya, a duba launinta, a duba wuyanta da bakunan da tiyo ke shiga, a guji wadda ta yi ƙananan zane kamar tsohon tangaran. Kowacce aka ɗauka, a haɗa da sabon murfi mai lamba daidai da ta motar.

Murfin yana da muhimmanci domin wani lokaci shi ne mai laifin: idan bawul ɗinsa ya maƙale, matsi ya wuce ƙima, sabuwar robar ma za ta fashe. Haka nan idan gaskit ya riga ya fara ƙonewa, iskar inji na shiga hanyar ruwa, alamarsa kumfa da ke ta tasowa a cikin robar inji na aiki. Bayan sauyi kuma, a fitar da iskar da ta shiga hanyoyin ruwan, a zuba ruwan kulan maimakon ruwan rijiya ko na burtsatse da ke barin gishiri da tsatsa. Kulan ɗin guba ne, ga shi da zaƙi, don haka kada a adana shi a gorar lemo inda yara za su gani.

Idan kuwa mota ta yi zafi a hanya, a tsaya, a kashe inji, kada a taɓa murfin sai ta huce sosai, domin ruwan da ke ƙarƙashinsa na iya feso wa mutum a fuska. Sannan kafin a amince da liƙi, mai mota ya yi wa bakanike tambaya ɗaya: "Oga, robar nan tana riƙe matsi?" Idan amsar a'a ce, a liƙe. Idan e ce, a tafi Ƙofar Ruwa.