Shawarar da Ake Saya da Kuɗi

Karatu: Fitowa 18:13-27, 1 Sarakuna 22:1-28

A ƙasarmu kyauta ake ba da shawara. In ka ga maƙwabcinka zai zuba iri a kan ruwan farko na yaudara, ka ce masa ya dakata, ba ka miƙa hannu a biya ka. Shi ya sa iyaye da dama a ikkilisiyoyinmu na Bichi, Tsanyawa, Kunchi da Dambatta suke rasa ta cewa sa'ad da ɗansu ya gama jami'a, ya gama bautar ƙasa, ya dawo ya ce ya sami aikin ba da shawara. Uba ya sayar da buhunan wake da bijimin da ya yi wata da watanni yana kiwo domin kuɗin makaranta, yana jiran ya ji an ce likita ko malami, sai ya ji wai "kwansaltan". An sha tare ni a ƙofar majami'a da tambaya guda: Fasto, wannan aikin gaskiya ne, ko cin kuɗin mutane ne da baki?

Aikin gaskiya ne, kuma yana da wuya. Kamfani ko ma'aikata ko ƙungiya takan ga kuɗi yana zurarewa, ko aiki ya ƙi tafiya, ta kasa gane dalili. Sai ta ɗauko wani daga waje na 'yan makonni, ya duba littattafan kuɗi, ya zauna da ma'aikata, ya yi lissafi, ya rubuta abin da ya kamata a gyara. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan sana'a, McKinsey, wani malamin jami'a mai koyar da lissafin kuɗi ne ya kafa shi a Shikago ta Amurka a 1926. Mu ma a nan mun ɗanɗana irinsa. A 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa kwamitin Jerome Udoji ya duba aikin gwamnati, ya kuwa miƙa rahotonsa a 1974. Tambayi dattawa yau, za su ba ka labarin ƙarin albashi da rediyo da baburan da aka saya. Shawarwarin gyaran aiki da suke cikin rahoton, kaɗan ne suke tunawa da su.

Ƙofar shiga iri biyu ce. Akwai manyan kamfanoni irin su KPMG, Deloitte da PwC, masu ofisoshi a Legas da Abuja, waɗanda sukan tace masu neman aiki da jarrabawar lissafi da ganawa iri iri kafin su ɗauki kaɗan. Amma yawancin 'ya'yanmu ta ƙaramar ƙofa suke shiga: wani shirin noma ko lafiya ko ilimi ya ɗauke su kwantiragin wata uku, a ba su waya da jerin tambayoyi, a sa su a mota zuwa ƙauye su tattaro bayanai. Daga nan wani yakan kai ga rubuta rahoto, wani ma ya yi rajistar kamfaninsa. Idan kai ne a bakin ɗayan ƙofofin nan, ɗana ko 'yata, ina taya ka murna. Sai dai akwai abu guda game da wannan sana'a da nake so ka riƙe tun kafin albashin farko: mai ba da shawara ba ya cin girbin shawararsa. Ya faɗi, an biya shi, ya tafi. Waɗansu ne za su kwana da abin da ya faɗa, sau da yawa kuma ba sa cikin ɗakin da aka yi maganar.

Dubi Yetro, firist na Madayana, surukin Musa. Ziyara ta kawo shi sansanin Isra'ila, ya rako 'yarsa da jikokinsa biyu. Kashegari Musa ya zauna yana yi wa jama'a shari'a, mutane suna tsaye kewaye da shi tun safe har yamma. Lura da tsarin abin da Yetro ya yi, gama a nan darasin yake. Ya ga dukan abin da ake yi tukuna. Da ya buɗe baki, da tambaya ya fara, ya bar Musa ya bayyana dalilinsa. Sa'an nan ya faɗa masa a fili cewa hanyar ba ta da kyau, shi da jama'ar duka za su gaji. Ka tuna wanda yake faɗa wa haka: mutumin da Allah ya raba teku ta hannunsa. Bayan haka ne ya kawo tsari, a naɗa shugabanni a kan dubu, da ɗari, da hamsin, da goma, su ɗauki ƙananan ƙararraki, manya kaɗai su iso wurin Musa. Bai tsaya ga tsarin kawai ba, ya faɗi irin mutanen da za su riƙe shi: masu iyawa, masu tsoron Allah, amintattu, masu ƙin cin hanci. Ya kuma rataya shawarar duka a kan yardar Allah. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, Yetro ya sa waɗanda suke tsaye a rana cikin lissafinsa. Surukinsa ya zo gani, amma gajiyar talakan da yake jiran a saurari ƙararsa ba ta ɓace masa ba.

Na ga akasin wannan da idona a wani ƙauye da na yi hidima. Wata ƙungiya ta aiko samari su yi bincike a kan noma. Suka zauna a ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidan mai unguwa, suka yi magana da magidanta biyar ko shida, suka cika takardun gidaje masu yawa da amsoshin da suka ga sun yi kama. Ba mugayen yara ba ne. Bisa yawan takarda ake biyansu, direba kuma yana cewa a tashi kafin la'asar. Da damina ta kusa, shawara ta sauko daga birni: a daina cakuɗa amfani a gona ɗaya, a shuka masara zalla, ga iri da takin zamani bashi, a biya da kaka. Ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar, jigawa kuwa ba ta riƙe laima. Waɗanda suka yi taurin kai suka bar geronsu da wakensu sun sami na tuwo. Waɗanda suka ji magana sun sayar da awaki suka biya bashi, ciki har da gwauruwa guda da muka yi wa tarin hatsi a zumuntar mata. Ba wanda ya dawo ya ga yadda ta kaya.

Da samarin nan sun yi kwana biyu suna tambaya, da sun ji dalilin da ya sa ubanka yake gicciya dawa cikin gero, ya soka wake a tsakani. Gero yana nuna da wuri, ya kashe yunwar tsakiyar damina. Dawa tana jira har ƙarshe. In ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsu ta ciyar da tumaki da awaki da rani, dabbobin su ba da takin da za a kai gona a mangala. Gawo da aka bari a tsakiyar gona yakan zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa. Da wannan hikima ake noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, a ƙasar da gona take manne da gona. Wani masani daga Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya fara nazarin gonakin kewayen Kano tun shekarun 1960, ya daɗe yana komawa wurin manoma, rubuce-rubucensa kuma sun sa masana da dama suka sake tunani a kan abin da suke ɗauka jahilci ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan bai hana baƙo kawo alheri ba: buhun nan mai ninki uku da muke ajiye wake a ciki ba tare da magani ba daga masu bincike ya fito, ya kuwa karɓu domin ya amsa damuwar da manomi yake da ita tun dā.

Jaraba ta biyu ta fi ta gaggawa nauyi. Sau da yawa wanda ya ɗauke ka ya riga ya yanke shawararsa, tambarinka kawai yake nema. Yana so ya sallami ma'aikata, ko ya nuna wa masu ba da kuɗi cewa shirin ya yi nasara, sai ya kira ka ka rubuta. Haka Ahab ya yi da zai tafi yaƙi Ramot-gileyad. Annabawa wajen ɗari huɗu suka faɗa masa abin da kunnensa yake so. Manzon da aka aika ya kira Mikaiya ma sai da ya ja shi gefe, ya ce ya daidaita bakinsa da na sauran. Za ka gamu da manzon nan a wurin aiki. Ba zai zo da fushi ba. Babban abokin aikinka ne mai son ka da alheri, zai ce ka sassauta wannan sakin layi, ka cire wancan adadi, kada a rasa kwantiragi na gaba. Mikaiya ya faɗi abin da aka nuna masa, ya sha mari, aka jefa shi kurkuku da ɗan abinci da ɗan ruwa. Ba zan ɓoye maka ba, Nassi bai ce an fito da shi an ba shi lada ba.

Kada ka ɗauka ƙananan ofisoshi kaɗai abin yake samu. A 2021 kamfanin McKinsey ya amince ya biya jihohin Amurka dala miliyan 573 saboda shawarwarin da ya ba masu yin wani maganin kashe zafi mai sa jaraba, a kan yadda za su ƙara ciniki. Masu ilimi ne ƙwarai suka yi lissafin, lissafin kuma ya fita daidai: ciniki suka nema. Mu da muka ga abin da kodin ya yi wa samari da matan aure a Kano, har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, mun san su wane ne ba sa cikin ɗakin sa'ad da ake irin wannan lissafi.

Kai ƙaramin ma'aikaci ne, ba kai za ka sa hannu a rahoto ba, na sani. Duk da haka akwai abin da yake hannunka. Kada ka rubuta adadin da ba ka ƙirga ba. Gidan da ba ka shiga ba, ka bar gurbinsa a buɗe, ka faɗi dalili, ko da kuɗin ranar zai ragu. A kowane taro ka tambayi kanka wane ne zai sayar da akuyarsa in wannan shawara ta ƙi, in ka sami zarafi kuma ka yi tambayar da murya, cikin ladabi. Mai yiwuwa a sa maka suna mai tsaurin kai, mai yiwuwa a ƙi sabunta kwantiraginka. In haka ta faru, dattawan ikkilisiya, nauyin ya dawo kanmu: yaron da ya rasa aiki saboda ya ƙi ƙarya kada ya dawo gida ya tarar muna yi masa kallon wanda ya kasa. Mu ma kuwa ba mu kuɓuta ba. Ranar da muka roƙi irin yaran nan su duba mana littafin baiko da zakka, ko kuɗin ginin majami'a, za a ga ko Musa muka bi ko Ahab.

Kai kuma uba, sa'ad da ɗanka ya zo hutun Kirsimeti da jakar kwamfuta a kafaɗa, kada ka tsaya ga tambayar nawa ake biyansa. Ka kai shi bakin rumbu. Ka nuna masa dami nawa ka samu bana, nawa ka ware na iri, nawa na ci har sabon gero, da dalilin da ya sa ba ka kai wakenka Dawanau da kaka ba, ka jira bazara. Ka bar shi ya yi ta tambaya har ya gaji.